Gida Uku, Kuɗi Ɗaya: Wanne Zan Saya a Zariya?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a jami'a a Samaru, shekarata tara ina zaman haya da matata da 'ya'ya uku. Matata malamar firamare ce a Tudun Wada, iyayena kuma suna cikin birni. Da adashi, da bashin ƙungiyar ma'aikata, da kuɗin wata gona da na sayar, na haɗa abin da nake ganin zai saya mini gida. Dillalai sun nuna mini uku. Na farko tsohon gidan ƙasa ne a cikin birni kusa da gidanmu, na gado ne, babban ɗan marigayin ke sayarwa. Na biyu kango ne an kai linta, a bayan Samaru wajen Bomo, takardarsa ta mai gona ce da sa hannun mai unguwa. Na uku ƙaramin gida ne gamamme, har da tayil da sabon fenti, a wajen Gwargwaje. Ya fi su araha, amma mai shi ya ce cikin mako guda yake son kuɗinsa. Wannan ne karo na farko, kuma idan kuɗin nan ya salwanta ban san ranar da zan sake haɗa irinsa ba. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a wannan nema, ya sa ka shiga gidanka da ƙafar dama. Shekara tara a gidan haya da iyali ba wasa ba ne, kuma wanda ya iya danne zuciyarsa ya tara kuɗin gida a irin wannan zamani ya cancanci a zauna a ba shi amsa a natse.

Ka tambaye ni wanne za ka ɗauka cikin uku, amma yadda ka siffanta su ya nuna mini inda idonka ya fi sauka: ginin ƙasa, linta, tayil, fenti. Na haura shekara ashirin ina duba gini da kimanta gidaje da filaye a garin nan, kuma ban taɓa ganin wanda fenti ya sa shi kuka ba. Duk abin da birkila da kafinta za su iya gyarawa, ko ba jima ko ba daɗe za ka gyara shi. Abubuwan da ke sa magidanci ya kasa barci su ne waɗanda kuɗi ba ya sauya su bayan ka biya: wane ne ainihin mai wurin, wace irin ƙasa ce a ƙarƙashin ginin, ta ina ruwan sama ke bi, ta ina ruwan sha ke zuwa, nawa za ka kashe kullum kafin ka isa wurin aiki, su wane ne maƙwabta. Da wannan ma'auni nake so mu auna gidajen nan.

Ka kuma tuna Zariya ba gari ɗaya ba ce dunƙulalliya. Garuruwa ne da suka girma suka tarar da juna. Akwai birni cikin ganuwa, akwai Tudun Wada a bakin Ƙofar Doka, akwai Sabon Gari da ya tashi da zuwan jirgin ƙasa, ga kogin Kubanni a tsakani. Samaru kuwa aikin binciken noma ne ya fara raya ta, jami'ar da aka buɗe a 1962 ta mayar da ita gari. Ko a mulki ma ba a haɗe suke ba: birni da Tudun Wada suna ƙaramar hukumar Zariya, Samaru da Bomo suna Sabon Gari, Shika kuma tana Giwa. Tsakanin ƙofar jami'a da fadar Sarki ya haura kilomita 10. Don haka gidajen nan uku da aka nuna maka, rayuwa uku ce daban-daban.

Takarda tukuna

Tun 1978 da aka kafa dokar amfani da ƙasa, duk filin da ke jiha yana hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ni da kai muke saye shi ne izinin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka ta gwamnati, wato C of O, ke tabbatarwa, galibi na shekara 99. Idan gidan yana da wannan takarda, dokar ta ce sai da amincewar gwamna ake miƙa shi ga wani. A jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini. Waɗannan biyun kowa ya san sunansu, amma mutanenmu ba su cika tunawa da su ba sai ranar da suka wayi gari suka ga jan fenti a bangonsu.

Ba na raina takardar mai unguwa. Gidaje masu yawan gaske a garin nan ita kaɗai gare su, kuma mai unguwa na gari ya san tarihin kowace gona a yankinsa fiye da kowane fayil. Sai dai ka san iyakar abin da take shaidawa. Tana shaida cewa wane ya sayar wa wane, a gaban su wane. Ba ta shaida cewa gwamnati ba ta taɓa karɓar wurin ta biya diyya tun zamanin kakan mai gonar ba. Zariya gari ne na manyan ma'aikatu masu faɗin fili: jami'a da gonakinta na gwaji, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan, barikokin soja, hukumar jirgin ƙasa, tsofaffin makarantu irin su Barewa da Alhudahuda. Da yawa cikinsu ba su katange iyakarsu gaba ɗaya ba, manoma suka ci gaba da noma a ciki shekara da shekaru, 'ya'yansu suka taso suna ganin gonar gado ce, suka yanka suka sayar da zuciya ɗaya. Mun ga yadda aka rushe gine-gine a filayen makarantu a 2015, mun kuma ga rusau na unguwar Graceland a 2021 kan rikicin iyaka da kwalejin jirgin sama. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai waɗanda da guminsu suka saya, da takardu a hannunsu.

Saboda haka, kafin ka ba kowa ko kafin alƙalami, ka ɗauki mai safiyo mai rajista, wanda kai ka nemo ba dillali ya kawo maka ba. Ya ɗauki lambobin kusurwoyin wurin, a kai KADGIS a duba ko ya faɗa cikin filin gwamnati, ko wata hanya da aka tsara, ko an taɓa fitar wa wani takarda a kansa. Idan mai gidan ya ce yana da C of O, lauya ya je ya binciki fayil ɗin: sunan wa ke ciki, an jinginar da shi a banki, akwai bashin harajin ƙasa? Ka ɗaga kai kuma ka dubi sama. Babbar wayar lantarki mai ƙarfin 330kV tana da haƙƙin mita 25 ta kowane gefe, mai 132kV mita 15. Babban titin tarayya yana da kusan mita 45 daga tsakiyarsa. Duk wanda ya gina a ciki, aro aka ba shi.

Gidan gado na cikin birni

Zan daɗe a nan, domin shi ne na san zuciyarka ta fi kwantawa da shi, shi ne kuma ya fi ɓoye ƙaya. Kalma ɗaya a wasiƙarka ta tsaya mini a rai: babban ɗan marigayin ke sayarwa. Babban ɗa ba shi ne magada ba. Yana da kasonsa, ƙannensa mata suna da nasu, matan marigayin suna da tumuninsu, idan iyayen marigayin suna raye lokacin rasuwarsa su ma suna da sudusi, in kuma wani magaji ya rasu daga baya kasonsa ya gangara kan nasa magadan. Gidan da ake ganin na mutum biyar ne, in aka zauna lissafi sai ka tarar na mutum ashirin ne.

Akwai wani bawan Allah, malamin makaranta, da ya kira ni in kimanta masa gyaran wani gida da ya saya a irin wannan hali. 'Yan'uwa maza huɗu suka sa hannu, mai unguwa ya shaida, liman ya yi addu'a. Ya sauke rufin, ya sa sabon kwano, ya haƙa sokawe. Shekara biyu yana ciki, sai ga wata baiwar Allah ta yi sallama da rana tsaka, da goyo a bayanta da jaka a hannu. Aure ya kai ta wani gari mai nisa, auren ya mutu, ta dawo ɗakin mahaifiyarta. Ba ta zo da faɗa ba. Ta tsaya a zaure tana kallon bishiyar lemon da ke tsakar gida, ta ce ita ta dasa ta. Ba wanda ya taɓa gaya mata an sayar, balle a ba ta kasonta. Maganar ta kai kotu, ta ci shekaru, kuma ko da aka sasanta sai da malamin nan ya sake fitar da kuɗi. Laifinsa ɗaya: bai tambayi mata nawa marigayin ya haifa ba.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce a yi cinikin ta hannun kotun shari'ar da ta raba gadon, ko a kawo maka takardar rabon da ke ɗauke da sunan kowane magaji, kowannensu ya sa hannu da kansa ko ta wakilin da ya naɗa a rubuce. Idan akwai marayu ƙanana, kada ka yarda da bakin kawu ko baffa kawai, alƙali ne ke ba da izinin sayar da kason maraya. Ka kuma san akwai shufu'a: a mazhabarmu ta Malikiyya, idan wani ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da ikon mayar maka da kuɗinka ya karɓi wurin. Wannan fagen malamai ne da alƙalai, ni abin da na gani a aikace nake gaya maka, don haka ka zauna da wanda ya san fiƙihun gado kafin ka motsa.

Shi kansa ginin ƙasa ba aibi ba ne. Gidan ƙasa mai kaurin bango ya fi na bulo sanyi a watan Afrilu, ya fi shi ɗumi da hunturu. Abin dubawa shi ne gindin bango, inda ruwan indararo ke zuba yana cin ƙasa, da kan azara inda gara ke shiga ta cinye ciki ta bar ɓawo. Ka tafi da ƙusa doguwa ka soka. Inda aka yi wa bangon ƙasa shafen siminti, ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa: in ka ji yana amsawa kamar ganga, shafen ya rabu da bango, ruwa yana kwana a tsakani. Ka tambayi tsofaffin unguwa ko wani ɓangare na gidan tsohon kududdufi ne aka cike. Birni cike yake da kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, da yawa an cike su da bola an yi gini a kai. Na taɓa sa a haƙa ramin gwaji a wani fili, mun kai ƙafa biyar muna fito da leda da tsofaffin silifa. Irin wannan wuri, ko bene kake mafarkin yi wata rana, kuɗin harsashi kaɗai zai cinye na ɗaki biyu. Sai lungu: motar yashi za ta iya shiga? Motar kwasar masai fa? In dare ya yi mace tana naƙuda, keke zai iso ƙofar gida?

Abin da birni ke da shi wanda ba a saye da kuɗi kuwa, ka fi ni sani. Yaranka za su tashi a gaban kakanninsu, makarantar allo da Islamiyya a bayan gida, in ka yi tafiya ba ka tunanin wa zai leƙa iyalinka.

Sabon fenti da gaggawar mai gida

Gida na uku ya haɗa abubuwa uku da ba na son ganinsu tare: araha, sabon fenti, da gaggawa. Kowannensu shi kaɗai ba komai ba ne. Mutum yakan sayar da gida da sauri don rashin lafiya ko bashi ko canjin wurin aiki. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma mako guda bai isa a yi binciken da na faɗa a sama ba. Ka ce masa kana buƙatar wata guda. Mai gaskiya zai yi ƙorafi, ya rage maka kwanaki, amma zai ba ka kwafin takardu. Wanda ya ce akwai wani Alhaji da zai biya gobe, ka ce Allah ya sanya alheri.

Ba unguwar nake zargi ba. Gwargwaje da Ɗanmagaji da Wusasa akwai tudu akwai kwari, kamar yadda yake a Muciya da Cikaji da Gyallesu da duk inda ke gangarawa Kubanni ko Galma ko ƙananan rafukan da ke zuba cikinsu. Layi biyu a unguwa ɗaya, ɗaya busasshe ƙayau, ɗaya kuma duk Agusta sai an kwashe katifu. Dillalai sun fi son nuna gida da rani, lokacin da ko'ina tudu ne. Ni kuwa shawarata ga duk mai sayen gida a Zariya ita ce ya ga wurin sau biyu: a Agusta don ya ga inda ruwa ke kwana, a Afrilu don ya ga inda ruwa ke ƙarewa.

In ba za ka iya jiran damina ba, gini yana ba da labarin kansa. Ka bar gidan da aka yi wa fenti, ka dubi na maƙwabta. Za ka ga wani layi a jikin bango, ƙasansa ya yi duhu ko ya yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, filasta tana ɓarewa. Tsayin wannan layi shi ne tsayin matsalar. Ka dubi dokin ƙofa: idan kowane gida a layin an ɗora masa bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofa sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, ba ado ba ne. Ka leƙa rijiya, ka buɗe murfin sokawe. In sokawe ya cika da ruwa a tsakiyar rani, ƙasar fadama ce. Cikin ɗaki ka ja labule, ka matsar da kujera, ka shinshina kusurwa, warin laima ba ya ɓuya a bayan fenti. Ka dubi tsagewar bango: siririya a filasta ba komai, amma wadda ta tashi daga kusurwar taga ta yi karkace zuwa ƙasa, tana faɗi daga sama, harsashi ne ke zama.

Sannan ka koma kai kaɗai, ba tare da dillali ba, bayan la'asar. Ka zauna teburin mai shayi. Ka tambayi mai tura kurar ruwa daga ina yake ɗebowa, nawa jarka a watan azumin da ya faɗo cikin zafi. Ka tambayi ɗan acaɓa ko yana shiga layin nan in an yi ruwa. Ka yi sallar magariba a masallacin unguwar, ka ga su wa ke sahu, ka ga matasan da ke zaune a bakin hanya me suke yi. Malamai suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida, kuma awa biyu a bakin masallaci za su nuna maka abin da dillali ba zai faɗa ba ko da rantsuwa.

Kangon Bomo

Daga yadda ka bayyana shi, awon igiya ne: mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti, ƙafa 50 da 100 ko rabin haka, ya sayar. Ba haramun ba ne, rabin sababbin unguwanninmu haka suka tashi. Matsalarsa ita ce mai gona ba ya son asarar ƙasa, sai ya bar hanya siririya, ba filin makaranta, ba magudana. Daga baya kowa ya ci taku ɗaya daga hanyar, a wayi gari mota biyu ba sa wuce juna. Ka auna faɗin hanyar da kanka tun daga bakin kwalta har ƙofar kangon, ka tabbata hanya ce da kowa ya yarda da ita, ba fulotin wani ba ne da bai zo ginawa ba tukuna. Kuma da yake wajen yana maƙwabtaka da filayen jami'a da na soja a Basawa, binciken KADGIS a nan wajibi ne ninki biyu.

Kango yana da wata fa'ida da gamammen gida ba shi da ita: tsirara yake, ba abin da ya ɓoye. Kana ganin bulon, ka kankare shi da makulli, in yana zuba kamar gari an yi ƙwauron siminti. Ka sa a tona gefe ɗaya a ga zurfin harsashi. Ka tambayi damina nawa ya sha a buɗe. Sai dai kada linta ta ruɗe ka. Mutane suna ganin an kai linta sai su ce an ci rabi, alhali rufi da silin da ƙofofi da tagogi da waya da famfo da filasta da daɓe da masai su ne masu cin kuɗin. A lissafin da na saba yi, abin da ke gaba ya fi abin da ke baya. Ka sa a yi maka kiyasin kammala ɗaki biyu da bayi da kicin da katanga a rubuce, da farashin wannan makon, ka ɗora a kan kuɗin kangon. Wannan jimlar ita ce farashin gidan.

Ruwa kuma sai ka yi da gaske. Zariya a kan dutse take zaune, shi ya sa burtsatse biyu a layi ɗaya wata ta yi ambaliya wata ta ba da bokiti uku ta tsaya. An ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa mai lita miliyan 150 a rana a 2017, amma matata daban, bututun da ya iso ƙofar gidanka daban, kuma sababbin unguwanni su ne na ƙarshe a layi. Haka wuta: ka tambayi ko akwai tiransifoma, gida nawa ke kanta, in ta lalace wa ke haɗa kuɗin gyara. A gamammen gida ka karɓi lambar mita ka bincika ko akwai tsohon bashi. Ka kuma san rukunin biyan kuɗin wuta da aka sa layin a ciki, tun da daga Afrilun 2024 'yan rukunin A suke biyan kuɗi mai tsada sosai fiye da saura.

Ba zan tsallake maganar tsaro ba. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka shiga kwalejin Nuhu Bamalli aka ɗauki mutane, aka kuma riƙa taɓa unguwannin gefen gari. Gidan da yake shi ne na ƙarshe, bayansa sai gonaki, ba ɗaya yake da wanda ke tsakiyar jama'a ba. Ka ƙirga gidajen da ake kwana cikinsu a kewayen kangon, ba waɗanda aka gina aka rufe ba. Ka tambayi ko akwai 'yan sintiri, nawa ake biya a wata.

Kuɗin da ba ya cikin ciniki

Yanzu ka ɗauki biro. In ka zauna a birni ko Gwargwaje, kai ne za ka riƙa ketare gari kullum ta Kwangila zuwa Samaru. In ka zauna a Bomo, matarka ce za ta riƙa yin doguwar tafiya zuwa Tudun Wada, ta dawo ta ɗora tukunya. A ce bambancin kuɗin mota naira 1,500 ne a rana. A kwana 22 na aiki ya zama 33,000, a shekara 396,000, a shekara goma ya doshi miliyan huɗu, ko da farashin mai bai motsa ba. Ka sa naka alƙaluman na gaskiya, ka ƙara kuɗin ruwa in saye za ku riƙa yi, da na kai yara makaranta. Sau da yawa gidan da ya fi araha ranar ciniki shi ne ya fi tsada a zama.

A nan ne zan roƙe ka abu ɗaya: ka ɗauki maiɗakinka ka kai ta duka ukun kafin ka yanke. Kai da safe za ka fita. Ita ce za ta san ko hayaƙin kicin yana da mafita, ko akwai inda za a shanya kaya, ko maƙwabcin bene yana hango tsakar gida, ko nisan kasuwa da injin niƙa da asibiti abin jurewa ne. Za ta shiga wurin matan maƙwabta ta fito da labarin da kai ba za ka taɓa ji a zaure ba. Ka tambaya kuma ko akwai hanyar a mayar da ita wata makaranta kusa, tun da Bomo da Tudun Wada ba ƙaramar hukuma ɗaya suke ba.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan farashi. Akwai la'ada, wadda a inda na saba kashi 5 cikin 100 ce, kuma ka yanke ta da dillali ɗaya tun farko, don kada ranar biya 'yan kayi-na-yi su cika maka zaure. Akwai mai safiyo, lauya, kuɗin neman takarda, izinin gini, da gyaran da ba ka zata ba. In ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa daga albashi, kana da damar neman rance a bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, mai ruwa kashi 6 har zuwa shekara 30, kuma tun 2022 an yarda ma'aikaci ya yi amfani da kashi 25 na asusun fanshonsa wajen biyan kason farko na irin wannan rance. Mai gudun ruwa kuma akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz. Amma duk waɗannan ƙofofi takardar gwamnati suke tambaya, ba sa karɓar ta mai gona.

Da ni ne

Ban ga gidajen nan da idona ba, kuma gani ya kori ji, don haka abin da zan faɗa a kan siffar da ka ba ni ya tsaya. Gida na uku zan ajiye shi gefe har sai mai shi ya yarda da bincike kuma maƙwabta sun wanke layin. Tsakanin sauran biyun, da ni ne kangon zan fara bi, bisa sharaɗi uku: KADGIS ta ce wurin ba na kowa ba ne, akwai hanya ta gaskiya, kuma akwai mutane da ruwa a kewaye. Dalilina shi ne aikinka a Samaru yake, mai yiwuwa har ritaya, kana iya rufe ɗaki biyu ka tare ka huta da kuɗin haya, sauran ka bi a hankali, kuma gida kusa da jami'a ba ya rasa mai haya ko mai saye in wata rana ka so komawa birni. Amma idan iyayenka sun tsufa har suna buƙatar a kwana kusa da su, kuma magada duka sun hallara gaban alƙali, to ka ɗauki na birni ka jure hanya, wannan lissafi ne da ba na biro ba.

Duk wanda ka tsayar, ranar biya ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, ko na kotu in gado ne, ba na dillali ko ɗan'uwa ba. Lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka da ta ambaci iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, da girman wurin. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu da kafa shaidu in mun yi ciniki, to ka kawo naka shaidun, cikinsu har da maƙwabtan da ke jikin bangon, su nuna iyaka da hannunsu a gaban mai unguwa. Ka karɓi duk tsofaffin takardun asali tun daga na mai gona na farko, ka ɗauki hoton kowa yana sa hannu. In kangon ne, washegari ka kai tifar yashi ka sauke a ƙofarsa, ka sa birkila ya fara katanga, sannan cikin watan nan ka shigar da neman C of O da sunanka.